Lambo ko larura? Zancen ADHD da ya cika mana waya

Bashar: To, ya kama, jar wutar ta kunna. Assalamu alaikum jama'a, barkanmu da war haka, daga nan Gusau. Yau mun cika mu uku. Malam Sanusi ya dawo daga Mafara lafiya, Anti Luba kuma ta shigo da jaka kamar wadda za ta kwana a nan.

Luba: Takardu ne, bawana. Kai ka jawo mana wannan aikin.

Bashar: Kin fara ke nan. Kuɗin sharata na bara ma ba ki biya ba.

Sanusi: Ku bari a gama, sannan ku yi taubasantakarku. Bashar, faɗa ma mutane abin da ka aikata.

Bashar: Ai sun sani, Malam. Duk wanda ke zaurenmu na WhatsApp ya gani. Na yi gwajin nan da ke yawo na ADHD, larurar nan ta rashin mayar da hankali da kasa zama wuri ɗaya, tambaya 18, na ci 17. Na ɗora hoton. Kafin la'asar zauren ya cika da hotuna, kowa ya ci. Har wata baiwar Allah ta ce ta cike wa mijinta a ɓoye, shi ma ya ci.

Luba: "Ya ci." Ka ji fa, sai ka ce WAEC.

Sanusi: Ita guda ɗin da ka faɗi, mi tac ce?

Bashar: Wallahi ban karanta ta ba, tsallake ta na yi.

Luba: To ai ita kaɗai ce ma ta yi kama da shaida.

Sanusi: Ni abin da yas sa nic ce a yi zancen ga, ba na Bashar ba na. Satin da yaw wuce wani ɗalibina yat tarar da ni ofis, yaro mai ladabi, ya ɗurƙusa har ƙasa. Ya fiddo takarda da yab buga a shagon kwamfuta, irin wagga ta Bashar, yac ce Malam, ina da larura, a ɗaga mani jarabawa. Kwana huɗu ya rage a shiga. Na riƙe takardar nan ina juya ta. In nic ce ƙarya yake, in kuwa gaskiya ta, na ɗauki alhaki. In na yarda, gobe aji duka su zo da tasu. Shi ne nic ce bari in tambayi masu abin. Malama Luba, ku ya kuke gane mai lambo?

Luba: Malam, abu na farko, waccan takardar da ya kawo maka ba ta kama kowa. Ba a yi ta don haka ba. Mai tambaya 18 ɗin nan asalinta ta Hukumar Lafiya ta Duniya ce, ita da wasu masu bincike na jami'ar Harvard suka tsara ta, kuma rariya ce mai manyan ƙofofi. Aikinta ta ce maka wannan ya cancanci a zauna da shi, shi ke nan. Dubi irin tambayoyin: kana mantuwa? Kana jinkirta aikin da ke buƙatar tunani? Hankalinka na tafiya in ana yi maka magana? Wa ka sani a garin nan da zai ce a'a?

Bashar: Musamman in Malam ne ke lakca.

Sanusi: Allah ya shirye ka.

Luba: Kuma ba ta ɓoye manufarta ba. Yaro ɗan firamare ma ya san amsar da ake nema. An gwada wannan tuntuni. Akwai wata malama a jami'ar Queen's ta Kanada, Allyson Harrison, a 2007 ita da abokan aikinta suka tara ɗalibai lafiyayyu suka ce musu, ku cike irin takardar nan kamar kuna da larurar. Suka kwatanta da ta masu larurar na gaske. Masu lambon nan ba kamo su kawai suka yi ba, har wuce su suka yi a maki. A 2010 wasu a jami'ar Kentucky ta Amurka suka sake irinsa, suka ba ɗalibai 'yan mintuna su karanta bayanin larurar daga intanet. 'Yan mintuna fa. Takardun tambayoyi suka kasa bambance su da marasa lafiyar.

Sanusi: Ashe takardar banza ta.

Luba: Ba banza ba ce, wurin aikinta daban. Kuma a nan ne mai lambo ke fara tona kansa: ba ya sanin inda zai tsaya. Mai larurar gaske zai ce maka wannan ina yi, wannan ba na yi, wancan sai jefi-jefi. Mai ƙarin gishiri kuwa duk layin da ya gani sai ya zaɓi "kodayaushe". Shi ya sa a manyan takardun, irin na Conners, masu bincike suka ware wasu tambayoyi da ko masu larurar ba kasafai suke cewa e a kansu ba. In ka amsa su duka da ƙarfi, an ɗaga gira. Akwai kuma tambayoyi tagwaye, magana ɗaya an sauya mata riga, ɗaya a farko ɗaya can ƙasa. Ka ce e a nan, ka ce a'a a can, an san ko dai ba karantawa kake ba, ko ka manta ƙaryar da ka fara.

Bashar: Wannan ai kamar albasa ce a hammata.

Luba: Kai kuma ina ka nufa?

Bashar: A'a, tsaya. Malam ya sani. A makarantar kwana, in ba ka son noman gonar makaranta ranar Asabar, sai ka yanka albasa ka danna a hammata, ka kwanta ka lulluɓa. Wai jiki zai yi zafi.

Sanusi: Awo! Mu ma mun yi. Sai dai mu tafarnuwa munka fi amfani da ita.

Bashar: Tafarnuwa? Malam, ai wannan tun daga bakin ƙofa za a ji ka.

Sanusi: Shi ne abin da yaf faru. Mai ba da maganin namu wani dattijo na, ba ya ko taɓa ka. Ya tsaya bakin ɗaki ya shaƙi iska, yac ce, masu miya su fito. Mu bakwai munka fito.

Luba: Masu miya!

Bashar: Mu namu ya fi wannan mugunta. Duk wanda ya ce zazzaɓi, sai ya ɗauko sirinji, wata tsohuwar allura kamar basilla, ya ɗora kan tebur, ya ce a yi layi. Kafin ya gama wanke hannu rabin layin sun warke. Akwai wani abokina, ba zan faɗi sunansa ba don yana saurarenmu, shi sai ya dage. Ya ce gara allura da fartanya. Aka danna masa, ya yi kwana uku yana ɗingishi, kuma Asabar ta zagayo aka ba shi kunya biyu maimakon ɗaya.

Sanusi: To wai albasar na aiki kuwa?

Bashar: Ni dai abin da na sani, riga ta ta yi sati tana wari.

Sanusi: Mu akwai wanda yas sha ruwan sabulu don ya yi amai.

Luba: Subhanallahi. Kada wani yaro ya ji ya gwada, don Allah.

Sanusi: Ya yi aman kuwa, har da kumfa. Kumfar ce tat tona shi.

Bashar: Ka ga! Ƙarin gishiri ke nan. Da ya tsaya a albasa...

Luba: Kun gama? Mun cinye minti nawa a hammata?

Bashar: Ci gaba, Anti, afuwa.

Luba: To amma dattijon naku mai shaƙar iska ya fi ku fahimtar aikin. Bai tambaye ku ko kuna jin zazzaɓi ba, wata hanya ya bi da ba ku zata ba. Mu ma haka muke yi. Akwai gwaje-gwajen da ba larurar suke aunawa ba, ƙoƙarin mutum suke aunawa: shin da gaske yake yi ko yana ja da baya da gangan? Bashar, miƙo dabinon nan na gabanka.

Bashar: Na buɗa-bakin Malam ne fa, yau Alhamis.

Luba: Guda ɗaya. To, ka ga shi a tafin hannuna na dama? Duba da kyau. Rufe idonka, ka ƙirga daga goma zuwa ɗaya, da baya.

Bashar: Goma, tara, takwas... shida...

Sanusi: Ya tsallake bakwai.

Bashar: ...uku, biyu, ɗaya.

Luba: Buɗe. Ga hannuwana biyu a dunƙule. Wanne ne?

Bashar: Dama mana. Wannan ai wasan yara ne.

Luba: Yauwa. Wannan gwaji ne na gaske, da sulalla ake yi, sau goma a jere, wani masanin ƙwaƙwalwa a Ingila, Narinder Kapur, ya bayyana shi a 1994. Mutanen da ƙwaƙwalwarsu ta samu rauni na gaske, masu mantuwa mai tsanani, kusan duka suke cinyewa. Amma wanda ya zo da niyyar ya nuna ba shi da lafiya sai ya ce a ransa, in na canka duka za a ce lafiyata ƙalau. Sai ya fara faɗin hagu alhali ya san dama ne. To ga inda lissafi ke shiga. Hannu biyu ne. Ko makaho aka sa ya yi ta canka, zai dace da wajen rabi. In aka yi maka irin wannan sau hamsin ka samu goma kacal, ba mantuwa ba ce. Sai ka san amsar gaskiya kafin ka iya kauce mata haka.

Sanusi: Allahu akbar. Wato faɗuwar ma sai da ilimi.

Luba: Shi ne. Na dabinon nan na mantuwa ne, ba na ADHD ba, misali kawai na ba ku. Amma dabarar ɗaya ce a manyan. Akwai TOMM, na 1996, hotuna 50 ake nuna maka ɗaya bayan ɗaya, daga baya a riƙa nuna maka biyu-biyu ka zaɓi wanda ka gani. A ido kamar dutse, a aiki kamar shan ruwa. Akwai na kalmomi. Akwai wani tsoho na André Rey, mutumin Suwizalan, abu 15 a kan kati ɗaya, a ce maka ka haddace cikin 'yan daƙiƙu. Sha biyar ta yi maka yawa a kunne, amma a jere suke, rukuni-rukuni, kamar ɗaya biyu uku. Masu ADHD na gaske yawancinsu suna wuce waɗannan lafiya lau, saboda larurar ba ta hana ka gane hoton da ka gani ɗazu.

Bashar: To nawa ne makin da in mutum ya yi ƙasa da shi za a ce lambo ne?

Luba: Ba zan faɗa ba.

Bashar: Haba Anti, don ilimi.

Luba: Don ilimin wa? Ɗaliban Malam na saurare. Wannan sirrin sana'a ne, ko a littattafan ba a son a baza shi. Abin da na faɗa ma ya isa.

Sanusi: Ta yi daidai.

Luba: Sai na kwamfuta. Minti 14 kana zaune, haruffa na fitowa ɗaya-ɗaya, ka danna maɓalli ga kowanne ban da X. Gundura ce zalla, da gangan aka yi shi haka. Mai larurar zai yi kuskure, amma kuskurensa na da kama: ya yi kyau, ya ɓace, ya dawo. Mai lambo sau da yawa sai ya zarce, ya yi ta sakin haruffa, ya yi nawa fiye da kima, har sakamakonsa ya fi na wanda ya yi haɗarin mota muni. Kai kuma kana ganinsa ya tuƙo babur daga Tudun Wada ya zo, ya biya kuɗin kati, ya ƙirga canjinsa daidai.

Sanusi: To wai mutane nawa ke yin hakan?

Luba: A can inda aka ƙirga, ba kaɗan ba. Wani bincike na 2007 a wata jami'ar Amurka ya samu kusan rabin ɗaliban da suka zo neman a auna su kan ADHD sun faɗi gwajin ƙoƙarin, ko da yake ba su da yawa waɗanda aka auna. Wani na 2008, na Julie Suhr a Ohio, ya samu kusan kashi ɗaya cikin uku. Amma ku lura, can akwai abin samu. A Ingila ana iya ƙara maka kashi 25 cikin ɗari na lokacin jarabawa. A Amurka kun tuna badaƙalar 2019, da aka kama attajirai da 'yan fim suna saya wa 'ya'yansu gurbin jami'a? Cikin dabarun har da sa yara su yi kamar suna da matsalar koyo don a ƙara musu lokaci. Ga kuma maganin kansa.

Bashar: Ritalin.

Luba: Ritalin, da Adderall a Amurka. Masu ƙara kuzari ne, ɗalibai na nemansu don kwanan karatu, wasu su sayar. Shi ya sa yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya ta 1971 ta sa su cikin magungunan da ake tsarewa. Shi Ritalin ɗin ma, wanda ya haɗa shi a 1944, Panizzon, sunan matarsa Rita ya sa masa.

Bashar: Ka ji miji. Malam, kai me ka sa wa sunan Hajiya?

Sanusi: Gonata ta bakin gulbi. Ci gaba, Malama.

Luba: Mu nan ba kowane kemis za ka shiga ka same shi ba, kuma da tsada. Wanda ke neman abin maye a Gusau ba zai zauna awa uku ana nuna masa hotuna ba, ya san inda ake sayar da tiramol. Tun da aka hana maganin tari mai kodin a 2018 ai ba a daina shaye-shaye ba, an dai sauya. Don haka ni ba maganin nake tsoro ba tukuna. Abin da na fi gani a wurin aiki shi ne mutumin da ya zo ya riga ya yanke wa kansa hukunci daga waya. A 2022 wasu likitoci a Kanada suka ɗauki bidiyo 100 da suka fi tashe a TikTok kan ADHD, suka samu 52 na ɓatarwa ne. Ka kalli irin waɗannan wata uku, komai naka sai ya zama alama. Ka manta mabuɗi, alama. Ka ƙosa da wa'azi mai tsawo, alama.

Bashar: Ni fa kullum sai na nemi mabuɗin babur.

Luba: Kai sakaci ne, mun san ka tun kana tsumma.

Sanusi: To wanga ba maƙaryaci ba na ke nan.

Luba: Ko kaɗan. Kuma nan ne nake son a yi hankali, Malam, don na ga inda ake zalunci. Faɗuwa gwajin ƙoƙari ba ya nufin mutum maƙaryaci ne. Abin da yake nufi shi ne, sakamakon yau ba abin dogaro ba ne. Ko a rahoto haka nake rubutawa, ba na rubuta "ya yi ƙarya". Don kafin ka kira abu lambo sai ka tabbatar da niyya da kuma abin da ake son samu, ita kuwa niyya ba a ganinta a kwamfuta. Wani yana da larurar da gaske, amma an sha ce masa malalaci tun yana yaro, sai ya zo ya zuzuta don tsoron kada a sake korarsa. Wani bai yi barci ba. Wani bai taɓa riƙe linzamin kwamfuta ba sai ranar. Gwaje-gwajen nan a Turai da Amurka aka tsara su, da Turanci, a kan mutanensu aka auna makin. Ka ɗauko yaro daga ƙauyen Maradun ka nuna masa zanen abin da bai taɓa gani ba, ka ce ya faɗi, ya yi lambo? Ka ci amanar aikin.

Sanusi: Hakanan na.

Luba: Sannan mu a jihar nan muna da abubuwan da ke sa yaro ya kasa natsuwa waɗanda mai takardar can bai yi tunaninsu ba. Gubar dalma ta 2010, a Anka da Bukkuyum, yara fiye da 400 suka rasu. Waɗanda suka rayu fa? Su Bagega, su Dareta. Yanzu samari ne da 'yan mata, wasu suna ajin Malam. Dalma na taɓa ƙwaƙwalwar yaro, tana rage mayar da hankali, wannan ba a jayayya a kai. Ga yaron da ya kwana a daji yana jin harbi, an sace babansa, an dawo da su gari suna kwana a kango. Ka sa shi a aji, ƙofa ta buga ya zabura, malami na magana shi yana can. In ka ba shi takardar Bashar zai ci 18. Ba ƙarya ya yi ba, kuma ba ADHD ba ce, firgici ne. Ga ciwon damuwa, ga ƙarancin jini, ga yunwa, ga wanda kunnensa ne ba ya ji sosai aka ce kunnen ƙashi gare shi.

Bashar: To in takarda ba ta yi, kwamfuta ma da sauranta, me ya rage?

Luba: Tarihi. Shi ne uban gwaji. Larurar nan ba ta faɗo wa mutum kwana huɗu kafin jarabawa. Littafin likitocin ƙwaƙwalwa na Amurka, bugun 2013, ya ce sai alamun sun bayyana kafin shekara 12. Da can ma 7 ne. Sai sun kai wata shida, sai ana ganinsu a wuri biyu ko fiye, ba a aji kaɗai ba, kuma sai suna ɓata wa mutum rayuwa da gaske. Babba kuma sai ya cika alamu biyar cikin tara na ɓangare guda. To ni sai in ce, kawo mini wanda ya san ka kana yaro. Turawa katin sakamakon firamare suke nema, mu wa ya ajiye? Gara ta cinye. Amma muna da abin da ya fi kati. Muna da gwaggo, muna da kaka, muna da malamin allo.

Sanusi: Uwa fa?

Luba: Uwa in ɗan fari ne ka sha wahala. Na taɓa zama da wata, ina tambaya tana kallon ƙasa, "lafiya lau yake", ko sunansa ba ta kamawa, "yaron nan" take cewa. Alkunya. Sai da aka kira ƙanwar babansa. Tana zama ta ce, wa, wannan? Sau uku ana aikensa niƙa yana dawowa ba gari ba kwano. Ya faɗa rijiya yana shekara shida garin leƙe. A makarantar allo malam har ɗaure masa ƙafa ya yi da rawani don ya zauna. Ta yi ta zubo su, da shekara da wuri da wanda aka yi a gabansa. Shi kuwa saurayin yana gefe yana cewa, Gwaggo ya isa haka. Ka ga bambancin? Mai larurar gaske labari gare shi, kuma sau da yawa kunyar labarin yake ji. Mai lambo jerin alamu gare shi, da kalmomin littafi, in ka ce ba ni misali ɗaya na makon jiya sai ya maimaita maka jerin.

Bashar: Ni ma fa na taɓa faɗawa kwata.

Luba: Kana shekara ashirin da biyu, kana danna waya.

Sanusi: To ni abin da yad dame ni, Malama, kamar mun juya zancen. Mu nan masu ɓoyewa ba su fi masu ƙirƙira yawa ba?

Luba: Nesa ba kusa ba. A duniya ana ƙiyasta wajen yara biyar cikin ɗari na da ita, manya wajen biyu da rabi. Ajinka na mutum ɗari biyu, yi lissafi. Nawa suka taɓa zuwa? Ba sa zuwa, don an riga an ba su suna: mai ƙiriniya, mai rawar kai, daƙiƙi. 'Yan mata kuwa ba a ma lura, don tasu sau da yawa shiru ce, tana zaune tana kallon allo hankali na wani gari, a ce sanyin jiki gare ta, a aurar. Kuma ka ce wa uba ya kai ɗansa wajen likitan ƙwaƙwalwa, abin da zai ji shi ne Kware, asibitin masu taɓin hankali da ke jihar Sakkwato. "An kai ɗan wane Kware." Shi ke nan an ɓata masa aure. Likitocin ƙwaƙwalwar ma duka ƙasar nan 'yan ɗaruruwa ne, ga mutum fiye da miliyan 200. An sa hannu a sabuwar dokar lafiyar ƙwaƙwalwa a farkon 2023, ta maye gurbin ta 1958, amma doka ba ta zama da gwaggo awa biyu. Kuma kada a ce can waje komai daidai ne. A 2023 wani ɗan jaridar BBC ya je asibitoci uku masu zaman kansu a Birtaniya, ta bidiyo, duka uku suka ce yana da ita. Likitan gwamnati da ya zauna da shi dogon zama ya ce ba shi da ita. Wato wani lokacin ba mara lafiyar ne matsalar ba, mai aunawar ne ke sauri.

Sanusi: To yaron nawa, mi zan ce mai?

Luba: Kada ka ce masa maƙaryaci, kada kuma ka karɓi takardar shagon kwamfuta. Kai ba alƙalin wannan ba ne. Ka ce ya je asibiti a duba shi, ya tafi da wani babba na gidansu. Ka tambaye shi ma daga ina yake, yana barci kuwa, ya ci abinci. Wanda ya zo ya durƙusa kwana huɗu kafin jarabawa, ko lambo yake, wani abu na cinsa.

Sanusi: Daga wajen Anka yake fa.

Luba: To ka gani.

Sanusi: Ban kawo wanga a raina ba sam.

Bashar: Jama'a, saura kashi huɗu a batirin nan, kuma ga ladan can ya fara gyaran murya. Malam, ka ce ka rubuto shawarwari uku ga malamai da za mu rufe da su.

Sanusi: Awo, suna nan. Ta farko, malami ya...

Luba: Tsaya Malam, abu ɗaya na manta, masu cike wa mazajensu takarda a ɓoye, don Allah...

Bashar: Kashi uku, Anti.

Luba: ...ku daina. Shi ke nan.

Sanusi: To a bar su sai wani satin, azumi nike, makoshina ya bushe. Miƙo mani dabinona.

Luba: Saura biyu, bawan nan ya cinye na gwajin.

Bashar: Sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu, masu tambaya ku ajiye a zaure. Wai ni ina mabuɗin babur ɗina? Nan fa na ajiye shi.

Luba: Yana hannunka na hagu.